Kyauta da Dorina: Yadda Hukuma ke Riƙe Bakin Mawaƙi

Takunkumin da masu mulki ke ɗaura wa mawaƙa ya girmi duk wata hukumar tacewa, wato ofishin da ke sauraron waƙa kafin a ba ta izinin fita kasuwa, kuma a ƙasar Hausa da kyauta aka fara ɗaura shi kafin a kai ga dorina. Makaɗin fada, irin su Aliyu Ɗandawo wanda ya baro Argungu ya zauna Yawuri yana yi wa sarkinta kiɗa, cinsa da suturarsa da dokin hawansa duk suna hannun ubangidansa, saboda haka babu buƙatar a rubuta masa dokar abin da zai faɗa. An sakar masa linzami ya yi zambo, wato muzanta mutum ta hanyar siffanta shi, ya kuma yi habaici, wanda shi ne suka a kaikaice ba da kama suna ba, amma da sharaɗin kibiyar ta nufi 'yan sarkin da ke haƙon gadon sarauta ko wasu abokan gabar fada. Mai kiɗa ya san iyakarsa tun kafin ya ɗaura taushi.

Wannan tsari ya fara tsagewa bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, lokacin da mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin suka juya baitocinsu kan En'e, hukumar gargajiya da Turawa suka jingina mulkinsu a kanta. Da yake waɗannan ba su ci a fada ba, hana kyauta bai razana su ba, sai aka koma ga 'yan doka da kotunan alƙalai, inda tuhumar zagin sarki ta ishi a tura ɗan jam'iyya gidan yari.

Sojoji sun gaji wannan hali, suka ƙara masa bindiga. A ranar 18 ga Fabrairun 1977, bayan fitar faifan Zombie na mawaƙi Fela Kuti wanda ya yi wa soja ba'a kan bin umarni ido rufe, dakaru kusan 1,000 suka ƙona gidansa da ke Legas, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta kuma rasu a shekarar da ta biyo baya. A 1984 gwamnatin Buhari ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyar, kuma abin lura a nan shi ne tuhumar ba ta ambaci waƙa ba, kan kuɗin ƙasashen waje aka yi ta. Sai a 1986 Babangida ya sake shi.

Dabarar kama mawaƙi da laifin takarda ita ce ta fi daɗewa, domin ta tsallaka zuwa mulkin farar hula ba tare da ta sauya riga ba. Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sa an ɗaure Adam A. Zango a 2007 bisa sakin faifansa Bahaushiya ba da izininta ba, sannan a 2009 aka kama Aminu Ala kan Hasbunallahu, waƙar da addu'a ce a kan azzalumai, babu sunan kowa a cikinta. Mai kaza a aljihu, in ji Hausawa, ba ya jimirin as.

Sai dai ƙarfin irin wannan hani yana tsayawa ne a inda hukuma ke da ƙofar da za ta rufe, kamar gidan rediyo da ɗakin ɗaukar sauti. A kasuwar Yelwa ta ƙasar Yawuri, inda masu tura waƙa ke cika katin waya da ɗaruruwan waƙoƙi a kan 'yan kuɗi kaɗan, abin da aka haramta a Kano kan shiga jirgin ruwa a aljihun masunci, ya isa ƙauyukan Ngaski da Shanga ba tare da wani jami'i ya saurare shi ba.