Rabon Fili a Cikin Akwatin Shafi

Shekaru masu yawa masu tsara shafukan intanet sun yi ta fama da teburori da wasu hiloli domin jera abubuwa gefe da gefe, alhali ba domin wannan aiki aka ƙirƙiro su ba, har Allah Ya kawo shekarar 2009, inda ƙungiyar W3C ta fitar da daftarin farko na akwati mai miƙewa, wanda ya samo asalinsa daga XUL, harshen da Mozilla ke gina fuskar Firefox da shi a wancan lokaci.

A wannan tsohuwar ƙa'ida, wato display: box, hukuncin ya yi kama da na tarika, domin kamar yadda ake fitar da bashi da wasiyya kafin magada su taɓa kome, haka burauza take fara ba kowane ɗa, wato kowane abu da ke cikin akwatin, faɗin da abin cikinsa ke bukata, sa'an nan ta kasa abin da ya saura bisa lambar box-flex. Idan akwati na da faɗin fiksel 600, ɗa ɗaya ya ci 100 ɗaya kuma 300, to 200 kaɗai ake rabawa, sai na farko ya tashi da 200, na biyu da 400, ko da yake sahaminsu ɗaya ne. Wannan ya ɗaure wa jama'a kai ƙwarai, har suka riƙa tilasta faɗin kowane ɗa ya zama sifili domin a sami daidaito.

Bayan wani daftari na tsaka-tsaki, wanda Internet Explorer 10 ta bi, sai ƙa'idar display: flex ta tabbata a 2012, ta rarrabe mas'alar kashi uku: girma, da raguwa, da asalin da ake fara lissafi daga gare shi, wato flex-basis. A ganina nan hikimar take, domin mai tsara shafi shi ke da ikon faɗin inda rabo zai soma. Idan ya rubuta flex: 1, asalin ya koma sifili, 'ya'yan nan biyu suka sami 300 kowanne, muddin abin cikinsu bai ƙi matsuwa ba.

Amma tsohuwar ba ta ƙaura ba, saboda mai son yanke rubutu a kan layi biyu ko uku da -webkit-line-clamp, dole ya kira -webkit-box, har Firefox ma ta karɓi wannan al'ada a 2019.