Yadda Gardawan Kura Suka Shiga Ɗakunan Baje Kolin Turai

Duk wanda ya tashi a yankin Gaya ko Ajingi ya san hayaniyar ranar kasuwa idan gardawa suka sauka: ganga na tashi, akayau na ƙara, kura da takunkumi a baki, yara sun yi dafifi, a gefe kuma ana cinikin magani. A wajen mu wasa ne, sana'a ce ta gado. A wajen Bature kuwa abin ya zama labari.

Pieter Hugo, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya fara ganin su ne a wani hoton wayar salula da aka ɗauka a titin Legas. Har wasu jaridun Nijeriya suka ce wai 'yan fashi ne da masu karɓo bashi da ƙarfin tsiya! A 2005 ya zo Nijeriya, wani ɗan jarida, Adetokunbo Abiola, ya haɗa shi da ayarin a wajen garin Abuja: maza kaɗan, ƙaramar yarinya, kuraye uku, birai huɗu da mesa. Kwana takwas ya yi tare da su, ya kuma dawo a 2007, shekarar da littafin sa, The Hyena and Other Men, ya fito. Ɗaya daga cikin hotunan ya ci kyautar World Press Photo a 2006. Sunan ma "Gadawan Kura" aka rubuta, harafin "r" ya salwanta a hanya.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙa. Hugo bai ɗauki wasan ba. Ya bari sai taro ya watse, sannan ya tsai da saurayi da kurar sa a ƙarƙashin gada ko a fili mai ƙura, launi a dishe, babu ko murmushi. Hotunan sun yi kyau, wannan ba gardama. Na yarinyar nan da ke manne da kura mai suna Mainasara sai ka daɗe kana kallo. Amma da aka cire makaɗi da 'yan kallo, an cire abin da ke nuna cewa mutanen nan abinci suke nema. Mai kallo a Landan sai ya ga abin tsoro kawai.

Wannan tsoron ne aka ci gaba da sayarwa. A 2011 Beyoncé ta fito riƙe da kuraye biyu a sarƙa cikin bidiyon waƙar ta "Run the World (Girls)", babu gardi ko ɗaya a ciki.