Akurkin Takari a Saman Soro

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da yawa suka nausa gabas da ƙafa. Wasu suka tsaya a Mai Wurno ta Sudan, wasu suka tsallake Bahar Maliya suka zauna a Makka, a unguwanni irin su Jarwal da Shari'a Mansur. Daga cikinsu iyayen kakata suka fito, kuma ba su bar kiwon kaji ba.

A ƙasar Hausa akurkin laka ake ginawa a tsakar gida. A Makka kuwa ina fili? Duwatsu ne ko'ina, sai akurki ya hau saman soro. A can rana ce babbar barazana, don zafi kan haura digiri 45, kaza kuma ba ta gumi, haki take yi har ta faɗi. Shi ya sa kakata takan jiƙa buhu ta rufa wa akurki, ta bar gefe a buɗe iska ta ratsa, ta sake ruwan kasko sau uku a yini.

Farauta haramun ce a Harami, amma shirwa da ɓera, masu cin 'yan tsaki, suna cikin biyar ɗin da aka halatta kashewa.

Da murar tsuntsaye ta ɓulla a Saudiyya a 2007, sai muka ƙara da raga, don kada tattabaru su sha ruwan kajinmu. Ku ma ku sa, kuma yara su wanke hannu in sun ɗebo ƙwai.