Daga gyaɗa zuwa wake: yadda ƙwaro ya sake mana noma

Ɗan'uwa manomi, in kana da tsoho a gida, tambaye shi abin da ake nomawa don kuɗi a ƙasar Damagaram lokacin yana saurayi. Zai ce maka gyaɗa.

Faransawa sun kama Zinder a 1899. Suka aza haraji, kuma da kuɗi ake biya. Gyaɗa ce ta riƙa biyan harajin nan, musamman a ƙasar Magarya da Matamai. Motoci su kwashe ta zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku. Bayan ƴancin kai, a 1962, gwamnati ta kafa SONARA don sayen ta.

Sai farin 1973 ya zo. Kafin mutane su farfaɗo, a 1975, darɓa ta sauka cikin gonaki. Darɓa ƙaramin ƙwaro ne, bai kai ƙwayar gero ba. Amma in ta tsotsi gyaɗa marar lafiya, sai ta kai cutar ga mai lafiya. Ganye ya ƙanƙance, gyaɗa ta kuturce, a tona ba a sami komi ba. Haka aka yi a Nijar, haka aka yi a arewacin Najeriya. Har iri ya yi wuya. Manoma da yawa suka juya ga wake. Yau Nijar na cikin manyan ƙasashen duniya masu noman wake, kuma Najeriya ce babbar mai saye.

To, wake ma yana da nasa maƙiyi. Ka san tsutsar nan da ke shiga cikin fure, ta huda kwanso, ta cinye ƴaƴa. Masana suna ce mata Maruka. Da yake ciki take ɓuya, magani ba ya samun ta da sauƙi. Wani sai ya yi feshi sau shida, ko takwas, a damina guda. Ga kuɗi, ga guba a jiki, ga harawar da dabbobi za su ci.

Masana sun binciki irin wake dubbai, ba su sami wanda ya gagari tsutsar ba. Sai suka bi wata hanya. Cikin ƙasa akwai wata halitta da ido ba ya gani, ana ce mata Bt. Tana yin wani abu da ke lalata hanjin tsutsa. Suka ɗauko abin gadon da ke sa ta yin haka, suka dasa shi cikin wake. Waken ya riƙa yin maganinsa da kansa. Masanan Ostareliya da na cibiyar binciken gona ta Samaru, kusa da Zariya, suka yi aikin. A 2019 Najeriya ta yarda a noma shi, da sunan SAMPEA 20-T.

Kada ka ɗauka an gama da ƙwari. Tsutsar kaɗai yake kashewa. Darɓa da ƙwarin da ke tsotsar kwanso suna nan, shi ya sa har shi ana yi masa feshi sau biyu. Ƙwaron rumbu ma bai san da shi ba. Kuma in kowa ya shuka shi kaɗai, tsutsa na iya sabawa da shi, don haka ake son a bar waken gargajiya kusa.

Akwai masu ƙin sa, suna tsoron manomi ya koma bawan masu sayar da iri. Burkina Faso ta noma irin wannan auduga daga 2008, ta bari a 2016, don zarenta ya gajarce, kuɗinta ya faɗi.

Magarya da Daura ba nisa, iri kuwa ba ya tsayawa a duwan. A kwano, sabon waken da tsohon kamarsu ɗaya. In an tallata maka shi a kasuwa, nemi buhunsa mai suna a jiki, ka kai wa malamin gona ya duba, ya gaya maka abin da dokar Nijar ta ce kafin ka shuka.