Sule Biyar na 1978

Tun da 'yan'uwana ɗalibai suka ɗora mini nauyin wakiltarsu ake tambayata abin da zan sa a gaba. Wasu su ce laburare, wasu su ce ƙarin malamai. Ni kuwa amsata na samo ta ne a tarihin waɗanda suka riga mu riƙe wannan aiki.

A shekarar 1975 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin manyan makarantu 7, ciki har da na Sakkwato, Maiduguri da Jos, a kan jami'o'i 6 da ake da su. Kuɗin man fetur na shigowa, har aka soke kuɗin karatu a 1977. To, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Da aljihun gwamnati ya fara rama, sai Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ba da sanarwa a 1978 cewa an ƙara kuɗin ɗakin kwana, an kuma ƙara kwabo 50, wato sule biyar, a kan kuɗin abinci na kullum.

Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo na Jami'ar Ikko, ta ce ba ta yarda ba. A watan Afrilu aka ƙaurace wa azuzuwa, ana neman Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. 'Yan sanda suka harbe wani ɗalibi a Ikko, Akintunde Ojo. Da labari ya iso Samaru sai ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka fito, aka turo soja, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta ƙungiyar, aka kori Okeowo da wasu malamai, ƙarin kuɗin kuwa yana nan daram. Sai 1980 aka kafa NANS a madadinta.

Akwai masu cewa wauta ce a zubar da jini saboda sule biyar. Jinin kam bai kamata ya zuba ba, kuma alhakinsa na wuyan wanda ya riƙe bindiga. Amma a lissafa mana: sule biyar kullum Naira 15 ke nan a wata. Ga ɗan babban ma'aikaci wannan ba kome ba ne. Ga ɗan manomin da ya zo daga ƙauye da guzurin ƙuli-ƙuli da gari, yana jiran kuɗin tallafin jiharsu da ba ya zuwa kan lokaci, shi ne zai raba zama da tattara komatsai. Ai ko Kunle Adepeju da aka harbe a Ibadan a 1971, rigimar a kan abinci ta taso. Laburare komai kyansa, wanda ya samu zama ne zai shige shi.

Abu na biyu da na lura, an gama yanke shawarar ƙarin nan kafin ɗalibai su ji. Shugabanninsu sun nemi a zauna, amma bayan alƙalami ya bushe.

Saboda haka takardar da zan kai gaban hukumar jami'a ta fara ne da kuɗin rajista da na ɗaki, da roƙon a bari a biya kashi-kashi. Bayan wannan sai neman kujerar ɗalibi, mai ikon jefa ƙuri'a, a kwamitin da ke tsara waɗannan kuɗaɗe. Laburare ya zo na uku.