Bashin Mamaci: Hisabi da Haƙƙin Bayi a Tunanin Hausawa

A yawancin garuruwan ƙasar Hausa, kafin a sallaci gawa ko bayan an dawo daga maƙabarta, wani babba daga dangin mamaci yakan miƙe ya yi shela: duk mai bin marigayi bashi ya zo ya faɗa, wanda kuma marigayi ya ɓata wa rai, don Allah ya yafe masa. Jama'a su amsa sun yafe. Mun saba da jin wannan har ya zama mana kamar gaisuwar ta'aziyya, alhali a cikinsa akwai cikakkiyar aƙida game da alaƙar lahira da halin mutum. Mamacin ya yi salla, ya yi azumi, wataƙila har ya sauke farali, duk da haka hankalin danginsa bai kwanta ba sai sun ji ta bakin maƙwabcinsa da abokin cinikinsa. Hujjar da nake son kafawa a wannan maƙala ita ce, ƙarfin imani da ranar hisabi wajen gyaran hali yana tattare ne da haƙƙin bayi, kuma a nan muka fi yin sakaci.

A nazarinsa mai suna Mutumin Kirkii, wanda aka buga a 1974, A.H.M. Kirk-Greene ya kawo halaye goma da Bahaushe ke auna nagarta da su, daga ciki akwai gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya, ladabi da mutunci. Idan aka lura, da yawa daga cikinsu idon jama'a ne ke gadinsu. Kunya tana aiki ne inda akwai wanda za a ji kunyarsa. Gaskiya da amana kuwa ana jarraba su ne inda babu shaida: mai awon da ya buge gindin mudunsa ya shige ciki, ko ƙanen uban da aka damƙa wa gadon marayu babu rubutu. A irin wannan lungu tsoron abin faɗa ba ya kaiwa. Shi ya sa Suratul Muɗaffifina, da ta gama tir da masu tauye awo, sai ta wuce kai tsaye ga tambayar ko ba su tsammanin za a tashe su. Mudun kasuwa da hisabin lahira a wuri guda aka ambace su.

Akwai tsohuwar suka da ya kamata a saurare ta da adalci. Masu ita suna cewa wanda ya yi alheri don kwaɗayin Aljanna ko tsoron wuta ciniki ya yi, ba nagarta ba. Ba daga waje kaɗai wannan magana ta fito ba. An san Rabi'atul Adawiyya ta Basra, wadda ta rasu a wajen 801, da kiran a bauta wa Allah don sonsa. Mu'utazilawa sun tafi a kan cewa hankali kaɗai yana iya gane kyakkyawa da mummuna, yayin da Ash'arawa, waɗanda aƙidarsu ce malamanmu suka karantar a zaure ta hanyar Ummul Barahin na Shaihu Sanusi, suka ce shari'a ce ke tabbatar da abin da ake sakawa a kansa. A Jamus ma, Immanuel Kant, wanda ya dage cewa a yi aikin kirki don wajibcinsa kawai, a littafinsa na 1788 sai da ya komo ya ce hankali na buƙatar ɗauka cewa akwai Allah kuma rai ba ya ƙarewa, in har nagarta da jin daɗi za su taɓa haɗuwa.

A ganina masu wannan suka sun tsaya ne a gefen mai aikatawa, suna binciken niyyarsa. Idan aka koma gefen wanda aka zalunta, maganar takan sauya kama. Matar da mijinta ya rasu aka ƙwace mata gona, shaidunta suka mutu, alƙali ya karɓi abin hannu, ba lada take nema a hisabi ba. Abin da hisabi ya ba ta shi ne tabbacin cewa mutuwar shaida ba ta rufe shari'arta ba. Hadisai da dama sun ginu a kan wannan. A cikin Sahihu Muslim an bayyana matsiyaci na haƙiƙa da cewa shi ne wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani, sai a yi ta kwasar ladarsa ana biyansu, in ta ƙare a ɗora masa zunubansu. A can kuma aka ruwaito cewa shahidi ana gafarta masa komai sai bashi. Buhari ya kawo cewa Annabi (SAW) ya ƙi sallatar wani mamaci mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Imam Nawawi, da yake bayanin tuba a Riyadus Salihina, ya ƙara sharaɗi na huɗu a kan ukun da aka sani idan laifin ya shafi ɗan Adam: a mayar masa da haƙƙinsa ko a nemi yafiyarsa. Ma'anar duk wannan babba ce. Mabuɗin gafarar azzalumi an miƙa shi ga hannun wanda ya zalunta, ko da kuwa almajiri ne ko 'yar aiki.

Malaman jihadi sun fahimci wannan sarai. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jero ɗabi'un sarakunan zamaninsa da yake ƙyama, har da karɓar gaisuwa da jangali da cin dukiyar talakawa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda ya yi da Fulatanci bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta mayar da ita Hausa. A lokacin mulki ya riga ya dawo hannun jama'arsa, saboda haka gargaɗin wuta da ke cikinta ga mai mulkin zalunci da mai ƙwacen gona da mai ha'inci a kasuwa, nasa mutanen ya fi shafa. Ƙanensa Abdullahi ma ya bar rundunar a 1807 don takaicin son duniya da ya gani, ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Diya'ul Hukkam. A hannun waɗannan bayin Allah ambaton lahira bulala ce a kan mai ƙarfi.

A yau sau da yawa an juya bulalar. Talaka ake yi wa wa'azin haƙuri, a ce ya bar wa Allah, shi kuma wanda ya ci kuɗin maganin asibiti ya gina masallaci, ya tafi Umara, a ba shi sahun gaba. An raba ibada da mu'amala, an mai da ta sabulun wanke dukiyar haram, kuma babu inda nassi ya yarda da haka. Ita kanta "Allah ya isa", wadda ƙara ce zuwa kotun da ba a saye, ba ta sauke wa sauran jama'a nauyin tsaya wa wanda aka cuta tun a nan duniya ba. Wanda ya ji an furta ta a gabansa ya yi shiru alhali yana da ikon magana, shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Ina roƙon malamanmu masu hawa mumbari, idan za su ambaci mizani da siraɗi, su kira laifuffukan da sunansu kamar yadda Shehu ya yi: albashin lebura da aka danne, gadon mace da aka cinye, fanshon tsoho da aka riƙe. Mai karatu kuma da ya san akwai haƙƙin wani a wuyansa, ya je ya same shi da ƙafarsa tun yana da rai, kada ya bar wa magada su yi masa shela a ƙofar gida.