Daga Ganyen Bedi Zuwa Kotun Ƙolin Amurka

Mu da muke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa, a cikin ƙasar Madarunfa, mun san yadda ake yi idan babbar mota ta mace a kan kwalta. Karen mota zai diro, ya karyo rassan bedi, ya jera su a gaba da baya, kowane direba kuwa ya gane ya rage gudu. Ba wanda ya taɓa cewa dabarar tasa ce. Amma jar robar nan mai kama da mazurarin da aka kife, wadda masu aikin hanya ke jerawa, ta taɓa samun mai ita a takarda, kuma danginta sun sha shari'a.

Asalinta birnin Los Anjalis ne. Can wani mai shafa fentin titi, Charles Scanlon, ya gaji da alamun katako da motoci ke takewa su kakkarye. Sai ya ɗinka tasa da fatar tsofaffin tayoyi, yadda in an buge ta za ta lanƙwashe ta sake miƙewa, motar ma ba za ta sami lahani ba. A 1943 gwamnati ta ba shi takardar mallakar ƙirƙirar. Ingila ta fara jera irinta a 1958, ta maye gurbin fitilun kananzir.

Daga nan hankali ya koma kan iska, wadda ke kifar da allunan gargaɗi na tafi-da-gidanka. A 1972 Robert Sarkisian ya sami takardun mallaka biyu a kan allo mai sifirin biyu a gindi: iska ta kwantar da shi, ya tashi. Kamfanin Marketing Displays ya ci kasuwa da shi da sunan WindMaster. Da wa'adin takardun ya cika, kamfanin TrafFix ya kwaikwayi ƙirar tsaf, ya sa wa tasa WindBuster (ko sunan ma bai yi nisa ba). Masu asali suka kai ƙara, suna cewa da wannan siffa masu saye suka san kayansu.

A watan Maris na 2001 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka, baki ɗaya, suka ƙi wannan hujja. Sifirin ba ado ba ne, shi ke riƙe allon, kuma tsofaffin takardun da kansu ne shaidar haka. Don haka ba a fakewa da siffa a tsawaita mallakar da ta ƙare. A ganinmu hukuncin ya yi daidai. Nan Nijar ma mallakar tana da iyaka: takardar da ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, ke bayarwa daga Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977 da gyare-gyarenta, shekara 20 take yi.